Shagon Kawu Mai Hatimi Bakwai

Yau da safe wani jami'i mai hula da sanda ya tsawata mini a gaban jama'a, wai na shiga shagon kawuna ta bango. Na duba hagu, na duba dama. Jama'a, babu bango. Babu ƙofa, babu rufi, sai fili fetal da tarin ɓaraguzai da wata akuya tana kallonmu. Amma sai da ya sa na koma baya, na zagaya ta inda ƙofa take a takarda, na yi sallama, sannan aka bar ni na zauna. Ban yi musu ba, don ni na jawo da hannuna.

Kun dai san ni, gajerun labarai nake rubutawa, sana'ar da matata ke kira zaman kashe wando da biro a hannu. Kawu kuwa tela ne, ƙanen mahaifiyata. Shekara talatin da ɗaya yana ɗinki a shago ɗaya a bakin titi, kuma a ƙarƙashin teburin yankansa na koyi haɗa baƙi. Bara waccan aka zo da jan fenti aka shafa wa shagon, bayan kwana uku katafila ta iso ta rushe shi, wai za a yi titi mai hannu biyu. Aka kafa rumfa, manya suka yi jawabi suka sha lemo, aka kwashe kujeru, katafila ta tafi ba ta ƙara waiwayowa ba. Tun daga ranar Kawu ya lulluɓe keken ɗinkinsa da tsohon zani a kusurwar ɗaki. Ya daina hira, ya daina ma faɗa, wanda shi ya fi tayar mini da hankali. 'Ya'yansa suka fara maganar sayar da keken, ni kuwa na san in keken nan ya fita daga gidan, mai shi ba zai daɗe ba.

Ba ni da lauya, ba ni da kowa a sama, sai biro. Na zauna na rubuta labarinsa. Masu ganin gajeren labari aikin rabin awa ne, Allah ya shirye ku. Wata biyu ina fama da shafi huɗu. Jimlar farko kaɗai sau goma sha tara na sake ta. Na bi na tsince duk wani "ƙwarai da gaske" kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Da na karanta wa matata sai ta yi hawaye, ta ce albasa ce, alhali wanki take yi. Da na karanta wa Kawu, sai ya ce ba haka yake riƙe almakashi ba, in gyara. Sannan ya ce yana so ya ga abin a buge cikin littafi, don jikokinsa su san an taɓa yin shago a wurin.

Mai buga littattafai ya ce yanzu ba a buga ko layi ɗaya sai da amincewar Hukumar Raya Gajerun Labarai da Rage Tsawon Dogaye. Na ɗauki Kawu a babur, muka yi awa uku a layin mai, muka isa. Kai, Allah ya ƙara wa manyanmu basira! Bene hawa huɗu, motoci goma sha biyu a jere, janareta na ruri dare da rana. Littafi guda ne a duk ginin, shi ne rajistar baƙi.

A teburin farko muka sami Ranka Ya Daɗe Babban Mai Awon Tsawo. Bai karanta ba, tef ya ciro ya auna, ya ce labarin ya zarce ƙa'ida da taƙi ɗaya. Ya sa almakashi ya datse sakin layi na ƙarshe, wanda na yi mako biyu a kansa, guntun takardar ya faɗi ƙasa. Kawu ya raɗa mini cewa shi ma wannan bai iya riƙe almakashi ba.

A tebur na biyu, Mai Girma Mai Tantance Ƙirƙira ya bayyana mini doka. In telan nan na gaske ne, to abin da na kawo ƙorafi ne, kuma ofishin ƙorafi yana rufe shekara huɗu ke nan ana masa fenti. In kuwa labari ne, sai in rantse babu wani tela makamancinsa a duniya. Na ɗaga hannu na rantse, Kawu yana tsaye a bayana ina jin numfashinsa. Mai Girma ya nuna shi da biro ya tambayi wane ne wannan.

"Ɗan rakiya ne, ranka ya daɗe," na ce.

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ban iya juyawa na kalle shi ba har muka hau bene na gaba.

A can muka tarar da Uwar Ɗakin Daidaita Labari da Fayil, ita kam ta karanta, har tana gyaɗa kai. Ta jawo wani fayil mai kauri ta buɗe mini. A ciki an gama titin tun bara, an shuka furanni a tsakiyarsa, kuma ba a taɓa shagon kowa ba. Na ce mata ai yanzun nan na rantse cewa labarina ƙirƙira ne.

"Malam, ƙarya muke so ka rubuta," in ji ta, "amma ba wadda ta saɓa wa fayil ba."

Ta ciro jan biro. Katafila ta koma motar ban ruwan furanni. Duk inda na sa "rushe" ta sa "ƙawata". Teburin gaba ya cire baƙin ciki, wai bai dace da manufa ba. Na bayansa ya ƙara wa shagon sabon rufin kwano da ƙofa mai kallon gabas. Na shida ya rubuta sabon ƙarshe da kansa, inda tela ke zaune a shagonsa yana ɗinki yana godiya. Na bakwai, Babban Mai Gayya Mai Aiki, ya tafi ƙasar waje taron rage yawan tafiye-tafiye, amma da yake mutumin kirki ne ya bar hatiminsa ɗaure da igiya a bakin ƙofa, kowa ya buga wa kansa.

Da littafin ya fito, kwana uku na ɓoye shi a ƙarƙashin katifa. Sunana a kai, da hatimin kowane tebur, amma ko jimlata ta farko ba ta tsira ba. Daga baya dai na kai masa, na zauna ina jiran ya tsine mini. Ya sa tabarau ya karanta sau biyu, ya bi hatiman nan da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Duk waɗannan na hukuma ne?"

Na ce duka, Kawu.

"To ɗauko mini kekena."

Washegari muka kai keken filin. Ya yi ta taku a cikin ɓaraguzai har ƙafarsa ta gano tsohon dokin ƙofa, ya ƙirga taku huɗu, ya ce a ajiye nan. Ya zuba mai, ya zura zare, ya taka. Kafin rana ta take mata uku sun kawo gyara, kafin a tashi kuma masu korar 'yan bakin titi sun iso da motarsu. Kawu bai ɗaga kai ba, littafin kawai ya miƙa musu.

Suka ƙirga hatimi bakwai, suka buga wa ogansu waya, ogan ya buga wa nasa ogan. Aka rasa mai bakin cewa babu shago, don wanda ya faɗi haka ya ce an rushe ke nan, fayil kuwa ya ce ba a rushe ba. Bayan zama uku na kwamiti aka yanke cewa shagon yana nan daram, har ya zama abin koyi, aka turo jami'i ya tsare shi daga ɓata-gari masu shiga ta bango. Shi ne mutumina na yau da safe.

Yanzu Kawu ya dawo da faɗansa, har ya ce wandona abin kunya ne ga dangi. Maganar sayar da keke ta mutu. Ni kuma kasuwa ta buɗe mini: mai wanki na so in rubuta labarin da famfonsu ke kawo ruwa, malamar makaranta na son na aji mai kujeru, kowa da sharaɗin a bi ta tebur bakwai ɗin nan.

Ɗazu da na zauna, Kawu ya aike ni aljihun keke in ɗauko masa allura. A ƙarƙashin kwalin allurai na ga wata 'yar takarda a ninke, gefenta a datse a karkace. Sakin layina ne na ƙarshe, inda tela ke tsaye yana kallon katafila da almakashi a hannu. Ashe ya sunkuya ya tsince shi ranar, ni ina can ina shirin rantsuwa.

"Mayar da shi inda ka gan shi," in ji shi, bai daina taka keke ba. "Na littafi na hukuma ne. Wannan na jikoki ne."

Na mayar, na ce masa ƙura ce ta shiga mini ido. Yanzu haka da nake rubuta muku wannan hadari ya haɗo daga gabas, amma kada ku damu da mu. Shafi na huɗu ya ce rufin sabo ne, kuma jami'in ya riga ya gargaɗe ni cewa ba a buɗe lema a cikin shago.