Ranar Da Aka Shaƙe Ni A Gaban Baba

Ba zan taɓa mantawa da bikin Maryama, 'yar yayata, ba. Ko na so in manta ma, akwai mutane a unguwarmu ta Bololo da suka mayar da tuna mini sana'a.

Bari in fara da gaskiyar da na daɗe ina ɓoyewa: dambe uku na taɓa yi a rayuwata. Na kashe ɗaya (kisa a dambe shi ne ka kai abokin karawarka ƙasa, kada wani ya kai ni ƙara), aka kashe ni a ɗaya, na ukun kuma ruwan sama ne ya raba mu. Shi ke nan tarihina. Amma mahaifina tsohon mahauci ne kuma ɗan damben gaske, wanda a zamaninsa har daga hayin kogi ake zuwa kallonsa. Na gaji teburin namansa, na gaji faɗin kafaɗarsa, sai na ɗauka har damben na haɗa na gada. Duk wanda ya zo sayen nama wurina sai na yi masa gyara da labarin dambe.

Da samarin unguwa suka fara kallon faɗan keji a waya, wanda suke kira MMA, sai na samu abin yi. Kullum ina cewa: "Wannan faɗa ne? Ƙarti biyu su kwanta a ƙasa suna rungumar juna?" Abin da na fi yi wa dariya shi ne yadda mutum in ya ji wuya yake bubbuga hannu don a sake shi. Har kwaikwayo nake yi a kan tebur, in ce ga mai neman a buɗe masa ƙofa nan. Baba yana zaune a gefe kan tabarmarsa, yana ji, bai taɓa sa mini baki ba. Bai kuma taɓa yaba mini ba, a wannan ko a wani abu. Shekarata arba'in da huɗu a lokacin, da mata da 'ya'ya, amma in zan faɗi gaskiya duk surutun nan don kunnensa nake yi.

An yi walimar a unguwar Toukra, can hayin kogi, a gidan dangin ango, gida mai babban tsakar gida da yashi. Bayan la'asar, an ci an ƙoshi, maza, har da Baba, muna ƙarƙashin rumfa ana zagayawa da shayi, sai wani ya kunna faɗan kejin a wayarsa. Ni kuwa kamar jira nake yi. Na buɗe baki na zuba karatuna tun daga farko, har da kwaikwayon bubbugawar a kan faranti.

Cikin abokan ango akwai wani Abakar, siririn mutum mai tabarau, yana aiki a kantin magani a unguwar Kabalaye. Aka ce ai shi ma yana zuwa koyon wasan sau uku a mako. Na dube shi sama da ƙasa. Cinyata ɗaya ta fi ƙugunsa kauri.

Ya ce cikin ladabi, "Kawu, ai dambe yana da bugu mai kyau. Abin da ya rage masa kawai, ba ya koya wa mutum abin da zai yi bayan ya faɗi."

Na ce, "Ɗan dambe ba ya faɗuwa."

Aka yi dariya, dariyar ta shiga kaina. Na ce ya taso mu gwada. Ya ce a'a, ranar farin ciki ce. Na ce dama na san haka za a yi. Ya sake cewa a'a. Na juya wurin ango na ce ashe abokansa a waya kaɗai suke da ƙarfi. (Sau biyu bawan Allah nan ya buɗe mini hanyar tsira, sau biyu na rufe ta da hannuna.) Sai ya cire tabaransa ya miƙa wa ango.

Babu igiyar naɗin hannu, don haka na karɓi rawanin wani na naɗe damata da shi. Ina cikin naɗi na ji muryar Baba, a hankali: "Zauna."

Na ce, "Minti ɗaya ne, Baba, kalas, an gama."

Abakar ya tambaye ni, "Kawu, da wace doka za mu yi?"

Na ce, "Kowa da tasa."

Aka ja tabarmi baya. Mata suka leƙo ta ƙofar cikin gida. Na gyara tsayuwa yadda na sha gani a wurin Baba, hagu a gaba tana tsaro, dama a baya tana jira. Har kirari na yi wa kaina, tunda babu makaɗi. Sannan na kai masa naushin da na yi shekaru ina ba da labarinsa.

Iska na nausa. Mutumin ya sunkuya, na ji kafaɗarsa a cinyoyina, sai ga ni a kwance ina kallon sama. A dambe, da zarar ka taɓa ƙasa magana ta ƙare. Don haka na saki jiki, na fara shirya uzurina (yashi ne ya ja ni, kuma na ci abinci da yawa), na juya a kan gwiwa da hannu zan miƙe. Ashe bayana na miƙa masa. A dokarsa, wadda ni da bakina na ce ya yi da ita, yanzu aka fara. Ya ɗare bayana, ya sarƙe ni da ƙafafu, hannunsa ya zagaye wuyana.

Ya ce a kunnena, yadda babu mai ji sai ni, "Kawu, bubbuga hannuna sau biyu in sake ka."

Ta yaya? Mutanen da na gama yi wa kwaikwayo a kan faranti suna tsaye a kaina. Ta gefen ido ina hango Baba, ya dafa sandarsa.

"Don Allah, Kawu."

Na ƙi. Na yi yunƙurin miƙewa da shi a bayana, rumfar ta fara nisa, hayaniya ta koma kamar daga cikin rijiya.

Da na farfaɗo, Abakar ne riƙe da ƙafafuna a sama, rigata ta zazzago ta tattaru a wuyana, tumbina yana kallon dangi biyu. Yayata tana yi mini fifita da gefen lafayarta tana salati. An ce daƙiƙu kaɗan na yi. Kowa yana jiran a ji lafiyata. Na buɗe ido, na dubi mahaifin ango da ya sunkuyo kaina, na ce da murya mai ƙarfi: "Da ƙashi za a sa maka ko tsoka zalla?"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Har limamin da ya ɗaura auren sai da ya rufe fuska da hannun riga.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Ina zaune a yashi ina kwance rawanin mutane daga hannuna, sai Baba ya ɗaga sanda ya ce wa Abakar, "Zo nan, ɗana. Nuna mini yadda ka yi." Ya sa shi ya zagaya hannu a tsohon wuyansa a hankali. Ya tattaɓa damtsen, ya tambayi inda ake matsewa, ya tambayi yadda ake kwancewa. Idonsa yana walƙiya irin wadda ban taɓa gani ba. Wani daga cikin dattawa ya ce wa Baba, "Sarkin fawa, yau dai an kayar da dambe."

Baba bai ko kalli inda nake ba. Ya ce, "Dambe bai zo bikin nan ba. Ɗana ne ya zo."

A mota ɗaya muka koma gida, muka haye gada har Bololo, yana kallon waje ta taga.

Kafin gari ya waye hoton bidiyon da wani ya ɗauka ya gama wayoyin dangi, har na Kano sun kira suna yi mini jaje da dariya a muryarsu. Yayata ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata, ta ce na mayar da bikin 'yarta wasan kwaikwayo, kuma gaskiyarta ce: har yau in za a tuna auren Maryama sai a ce "bikin da aka shaƙe kawunta". Masu sayen nama suka daina sallama, sai mutum ya zo ya bubbuga tebur sau biyu. Abakar kuma ya zo har gida da man shafawa don wuyana, ya durƙusa yana ba ni haƙuri. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar, duk Juma'a bayan an sauko masallaci yana zuwa wurin Baba. Tsohon yana koya masa naɗin hannu, da ajiye ƙafa, da yadda ake karanta kafaɗar mutum kafin naushi ya taso. Ni ke dafa musu shayi. Wata rana da ya tafi na kasa daurewa, na ce, "Baba, ni ban taɓa jin ka faɗa mini ko ɗaya daga cikin waɗannan ba."

Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ka taɓa tambaya?"

Na duba shekaruna kaf, ban sami ranar ba.

Har yanzu samari suna tsayawa a teburina su tambaye ni, da gangan, wanne ya fi tsakanin dambe da faɗan keji. Nakan ce su je su tambayi waɗanda suke yi. Abin da ni na koya ɗan kaɗan ne, kuma da wuyana na biya: in dattijo ya ce ka zauna, ka zauna, in kuma siririn mutum mai ladabi ya cire tabarau ya ba wani ajiya, to ka nemi wurin zama tun kafin dattijon ya yi magana.