Rasuwar Littafin Mai Gyaran Agogo

Da zuciya cike da baƙin ciki, kuma cike da wuta, matar marigayi mai gyaran agogo take sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar littafin tarihin gidansu, wanda mijinta ya shekara ashirin da shida yana rubutawa da hannunsa. Ba rashin lafiya ya yi ba. Kashe shi aka yi.

Mamacin mai tsari ne kamar mai shi. Duk maganar da ke cikinsa tana ɗauke da 'yar lamba, a ƙasan shafi kuma lambar ta faɗi bakin da aka ji maganar. Lamba ɗari da goma sha biyu, babu wadda ta taɓa ɓatan hanya. In ya ce a duba shafi na sittin, to abin yana nan a sittin. Bai taɓa ɗaga murya ba, sai dai ƙaras, ƙaras, in ana juya shi.

Ita ba ta yi karatu ba, ba ta kuma ɓoyewa. Amma an karanta mata shi har ta haddace, ta kuma san lamba arba'in da ɗaya tata ce. A nan malam ya rubuta cewa labarin ginin gidan nan daga bakin matarsa ya ji shi, kuma ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

Ajali ya zo ranar da ta kai littafin wurin mai buga takardu na bakin titi, don jikoki su samu. Mutumin nan ya sa reza ya farke masa baya. Ya daddatsa shi gida tara, ya jefa kowane babi a fayil dabam cikin kwamfuta, kowane fayil ya fara ƙirga shafi daga ɗaya. A babi na biyu ya tsallake bayani guda, ko waiwaye bai yi ba, duk bayanan da ke biye suka zame da taku ɗaya. Arba'in da ɗaya ta wayi gari ɗauke da bayanin arba'in da biyu, wanda malam ya yi a kan wata maƙwabciya, cewa mai wannan magana maƙaryaciya ce, kowa ya sani.

An buga kwafi talatin, an raba wa dangi. Ƙanin mijinta ya karanta wurin a tsakar gida, da ƙarfi, har sau biyu.

Mamacin ya bar fayil tara da ba su san juna ba, da lambobi marayu suna nuna inda babu kowa, da bango guda da reza ta ci, da tsohuwa ɗaya da mijinta ya ƙaryata daga kabari ba da saninsa ba.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a ƙofar shagon makashin. Duk wanda aka ba kwafi ya zo da shi. Za ta zo da kujerarta da sandarta, sandar kuma ba ta dogarawa ba ce. Mai shagon zai karanta lambobin da bakinsa, daga ɗaya har ta ƙarshe, ita tana gyara masa da ka. Duk inda ya kuskure, allon kwamfutarsa ne zai amsa. Ƙanin miji ya zo da wuri, an ajiye masa sahun gaba.

Ba a buƙatar masu ba da haƙuri. Ba za a rufe kowa ba sai arba'in da ɗaya ta koma ɗakinta.