Ƙafar Da Aka Zana

Shekara biyu jijiyar ƙafata ta hagu tana zugi, har noma ya gagare ni. A asibiti a Birnin Kudu, likitar gashin ƙashi ta ba ni takarda mai zanen motsa jiki. Za ta yi bayani na tare ta: "Likita, ni fa malamin makaranta ne."

Wata guda ina ɗaga ƙafa safe da yamma, ba fashi. Da na koma na gwada mata, sai ta tambaye ni:

"Malam, wacce ke ciwon?"

"Ta hagu."

"To me ya sa kake ɗaga ta dama?"

"Ita aka zana."

Har yau a majalisarmu ta Gwaram sai an dafa min gwiwar dama a ce, "Malam, ya mai jiki?"