Tankar Baba Istifanus Mai Baki Biyu

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan. Karatuna a firamare ya tsaya, can Bungudu, kuma ni mutum ne mai yawan tunanin me za a ce. Har izini na je na nema wurin mai labarin. Ya ce in rubuta, idan kuwa na ƙi shi zai ci gaba da ba da shi da bakinsa, kuma kullum sai ya ƙara gishiri. Na ga gara in faɗa da kaina.

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba ya faru ne ranar da maƙwabcina, Baba Istifanus, ya cika shekara saba'in. Tsohon soja ne, mutumin Filato, amma ya daɗe a Gusau har Hausarsa ta koma irin tamu. Tankar yaƙi ya tuƙa a soja. Hoto ɗaya yake da shi wanda ya ɗauka a jikinta, shi ma yoyon ruwan sama ya lalata shi, kuma abin ya daɗe yana damunsa.

Wata rana kafin bikin, ina shagona (ni tela ne) sai ga 'yarsa Rifkatu, wadda take aikin jinya, ta shigo da wani kwali a ɓoye cikin leda. A jikin kwalin hoton tanka ne. A ciki kuwa wasu ƙananan robobi ne birjik, manne a jikin raga, da 'yar kwalbar gam da takarda mai zane-zane.

"Kawu, irin wadda Baba ya tuƙa ce sak, da ƙyar aka samo min ita," in ji ta. "Harhaɗawa ake yi. Hannunsa yana rawa yanzu, ni kuma ba ni da lokaci. Duk unguwar nan ba mai haƙurinka. So nake a buɗe masa ita ranar biki, a gaban abokansa."

Na ce, "'Yata, idan na ɓata fa?"

Ta yi dariya. "Mutumin da ke yi wa babbar riga aiki da allura? Haba Kawu."

Haka na karɓi amana.

Gaskiya aikin ya yi min daɗi, ban zata ba. Kullum bayan la'asar sai in shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin yanka, in ɗauko reza da hantsakin matata Hauwa, in riƙa cire robobin ɗaya bayan ɗaya ina karce gefensu. Ƙafafun sarƙar nan da tanka ke tafiya a kansu sun kusa makantar da ni. Wata 'yar fitila da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba ta yi tsalle ta faɗi, na rufe shago na share shi kaf da tsintsiya, na tankaɗe sharar da rariya (eh, rariyar gari, kuma har yau Hauwa ba ta yafe min ba). Amma ranar da na ɗora kan tankar a jikinta, na ga abin ya tsaya kamar gaske, sai na kama kaina ina yi mata ƙugin inji da baki. Ni da furfurata.

Matsalar ta zo ne da na gama. Tanka ta cika, ta yi daidai da hoton kwali, amma ga kaya sun rage a jikin raga. Wani dogon bakin igwa, ban da wanda na riga na sa. Murfi biyu. Tayoyi. Da hannun mutum guda, alhali ɗan sojan da ke leƙowa ta sama na riga na manna masa hannuwansa biyu lafiya lau.

To ku fahimce ni. Wani bakanike a Tsafe ya taɓa gyara min babur, ya miƙo min notuka a tafin hannu ya ce waɗannan ba su da amfani. Ban kai ko'ina ba babur ya mutu, na tura shi cikin rana. Tun daga nan na riƙe cewa idan an haɗa abu wani ɓangare ya rage, wanda ya haɗa ne bai iya ba. Ga kuma sunan da ake yi mana mu teloli na cin yadin mutane. Idan na mayar da ragowar za a ce na kasa, idan na ɓoye na ci amana. Na ɗauki waya zan kira Rifkatu, sai na tuna wataƙila tana kan marar lafiya, in sa ta yi kuskuren allura saboda robobi. Na ajiye.

Sai na nemo wa kowanne gurbi. Bakin igwa na biyu na liƙa shi ta ƙeya, yana kallon baya. Tayoyi na jera su a gefe. Murafen na ɗora ɗaya kan ɗaya. Hannun nan ya fi ba ni wahala, don ba zan yi wa ɗan Adam hannu uku ba, ko da na roba ne. Daga ƙarshe na ɗan ɗaga wani murfi na manna shi yana fitowa daga ciki, wai akwai wani sojan a ƙasa. Akwai kuma tambura iri-iri a wata takarda, na liƙe su duka, ban bar ko ɗaya ba.

Hauwa ta leƙo ta ce, "Malam, wanga hanci na biyu fa? A kwali ɗaya na gani."

Na ce, "Ta gaba suka ɗauki hoton. Ke me kika sani a harkar soja?"

Ta ce, "Daidai da abin da ka sani." Ta wuce abinta.

Ranar Lahadi bayan sun taso daga coci aka kafa rumfa a ƙofar gidan Baba. Unguwa ta cika, mu Musulmi da su Kirista duka, ga shinkafa ga zoɓo. Tsofaffin sojoji sun jeru a gaba, cikinsu har da amininsa Saje Audu, wanda ya zo tun daga Tsafe. Na kawo tankar a faranti, lulluɓe da ƙyallen da na yi wa kalmasa da kaina. Rifkatu ba ta gan ta ba, daga wurin aiki ta wuce coci. Ta tashi ta yabe ni har kunya ta kama ni, ta ce a duk Gusau babu mai kula da aiki kamata. Sannan ta yaye ƙyallen.

Mata suka yi guɗa. Layin sojoji kuwa tsit.

Saje Audu ya ciro tabarau ya sa, ya sunkuya, ya zagaya faranti.

"Istifanus," in ji shi, "wannan ce ka tuƙa?"

Bai jira amsar Baba ba ya ci gaba.

"Shi ya sa ba ka taɓa kai mu inda aka aike mu ba. Ina gabanta, ina bayanta?" Ya nuna tamburan da yatsa. "Kuma ta wace ƙasa ce? Wannan da wannan ai su suka yaƙi juna! Malam Tela, sulhu ka yi musu?" Sai idonsa ya kai kan hannun. "La ila! Akwai wani a ciki yana neman agaji. Ku ciro shi, jama'a!"

Rumfa ta kece da dariya. Rifkatu ta raɗa min cewa da gangan ake sa ƙarin kaya a kwalin, don mutum ya zaɓi irin wadda yake so, sauran a ajiye. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yarinya ta sha wahala ta samo wa mahaifinta abu ɗaya, na mayar da shi abin dariya a gaban abokansa. Na matsa na ce, "Baba, ka yi haƙuri, bari in tafi da ita in ɓalle na bayan."

Sai a lokacin na lura kafaɗunsa rawa suke yi. Dariya yake har hawaye, ya kasa magana. Da ya samu numfashi ya riƙe min hannu.

"Ka taɓa ta mu ɓata," in ji shi. "Audu, ka tuna abin da muka fi tsoro? A biyo mu ta baya. Da mun samu tela a bataliyarmu ai da mun yi barci."

Ya jawo farantin kan cinyarsa, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan murfi na gaba, wanda Allah ya taimake ni na sa shi daidai. Sannan ya ce, "Rifkatu, nan nake zama. Ta nan nake leƙen hanya." Har aka kira magariba yana nuna wa mutane inda kowa ke zama da sunayensu, Saje Audu yana ƙaryata shi. Yanzu tankar tana kan talabijin ɗinsa, duk baƙon da ya shiga sai an aiko a kira ni ya ga injiniya.

Na dai koyi cewa ba duk abin da ya rage ne yake jiran in nemo masa wuri ba, kuma kunyar tambaya a waya ba ta kai kunyar rumfa ba.

Sai dai Saje Audu ya sa ɗansa ya aiko masa da kwalin jirgin sama daga Kaduna, ya ce ni zan haɗa, kuma kada in rage komai. Na buɗe jiya. Don Allah masu karatu, duk wanda ya san harkar nan ya taimake ni: fukafukai nawa jirgin yaƙi yake da su a gaskiya? Waɗanda nake gani a nan sun fi na kowane tsuntsu da na sani.