Jijjigau Ya Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yanzu suke warin ƙonanniyar waya, tsohon mai gyaran rediyon nan na ƙarshen layi yake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna fatan zuwan wannan rana, cewa Jijjigau ya rasu. Ya cika ne ranar Talata da yamma, a ɗakin baya inda aka haife shi, yana tsaye a kan ƙafafunsa huɗu, hannuwan uwargidan tsohon a jikinsa.

Ga wanda bai taɓa shiga ɗakin ba, marigayin akwatin wasa ne, irin wanda masu ilimi ke kira fimbol. Tebur ne mai gangare. Ƙwallon ƙarfe tana gangarowa, mai wasa ya danna maɓalli ɗaya a dama ɗaya a hagu, fukafukai biyu su doke ta ta koma sama kafin ta faɗa rami. Tsohon ya taɓa ganin na gaske yana saurayi, a ɗakin jiran fasinjoji na wata tashar jirgin ƙasa, ya saki baki yana kallo har jirginsa ya tafi ya bar shi. Karatunsa bai yi nisa ba, amma abin da ya shiga idonsa ba ya fita. Da tsufa ya zo, mutane suka daina kawo rediyo gyara, sai ya ɓalle ƙofofin tsohon kabad ɗin kaya, ya kwantar da talabijin rigingine a ciki, ya haɗa da wata kwamfuta da 'yarsa ta yar. Haka aka samu marigayi.

Sai dai an haife shi ba shi da motsi. Ƙwallon hoto ce, fukafukan hoto ne, ƙarar kuma daga lasifika take fitowa, katakon nan sanyi ƙalau. Tsohon yakan ce kamar gaisawa da mutum ne a mafarki, ga hannu ka kama amma ba ka ji komai ba.

Da haka zai ƙare rayuwarsa, ba don uwargida ba. Baiwar Allah ta yi ƙuruciyarta a masaƙa, tsakanin injuna, injunan suka cinye mata kunnuwa sannu a hankali. Ita ce a da ake jiyo muryarta tun daga bakin layi, tana ciniki, tana faɗa, tana dariya, duk a numfashi ɗaya. Da kunnen ya tafi sai ta daina sanin ƙarfin muryarta. Wata rana a cikin taron mata ta faɗi wata magana da take zaton raɗa ce, ɗaki ya kwashe da dariya. Ta dawo gida ta rufe bakinta. Ta koma nuni da hannu da gyaɗa kai, ta koma zaman bakin taga. Gidan da ya saba da hayaniya ya zama sai tsohon da tarinsa.

Wata safiya tana share ɗakin baya ta dafa akwatin, tsohon kuwa yana ƙarƙashi yana buga ƙusa. Ya ga ƙafafunta sun tsaya cak. Ya sake bugawa, tsintsiya ta faɗi. A nan ya gane cewa kunnen uwargida bai mutu ba, ƙaura ya yi ya koma tafin hannu.

Daga ranar aka soma yi wa marigayi gaɓoɓi. Abokinsa bakanike ya tsinto masa ƙarafan nan na cikin sitatar mota, waɗanda ke bugawa idan an murɗa makulli. Ya ɗaure ɗaya a jikin katako ta dama, ɗaya ta hagu, daidai inda tafin hannu yake sauka, yadda duk lokacin da fiffiken hoto ya ɗaga a gilashi, ƙarfe na gaske zai doki katako na gaske: ƙwas. Ya baje wasu ƙanana a tsakiya domin inda ƙwallo ke karo: tak, tak-tak, tak. Ya samo injin waifa mai share gilashin mota, ya ɗaura masa ƙaton noti a gefe guda don ya riƙa juyi a karkace, idan wasa ya yi zafi akwatin gaba ɗaya ya ɗauki gurnani, gurrr, har kofin shayi ya yi tafiya da kansa a kan tebur. Daga nan ya samu sunansa. Aka ƙara masa ƙararrawar ƙofa, ƙilin-ƙilin, wannan don tsohon ne kawai. A can ƙasa kuma aka sa wata guduma mai dukan ciki, dum, wadda ba ta magana sai an yi abin kirki a wasa.

Ranar da uwargida ta fara wasa, ƙwallo ta zille mata ta faɗa rami. Sai aka ji murya ta tsage ɗakin tana kiran ƙwallon 'yar banza mara kunya mai gudun dangi. Tsohon ya fita tsakar gida ya tsaya yana kallon igiyar shanya, ya daɗe bai dawo ba.

Za a shaidi marigayi da halaye na gari. Bai taɓa yi wa kowa dariya ba. Bai taɓa cewa uwargida ta rage murya ba, domin shi ma ba ya rage tasa. Ta zage shi safe da yamma, ya amsa da ƙwas. A gabansa ta dawo tana ba da labarin masaƙa, tana faɗa wa tsohon cewa rigarsa ta yi datti, tana tambayar abin da 'yarsu ta ce a waya. Abokin gabarsa ɗaya ne, tela mai shago a bayan bango, wanda ya rantse cewa duk ɗinkin da ya karkace a layin nan Jijjigau ne ya ture masa hannu, ya kuma riƙa ce wa tsohon angon kabad. An yafe masa.

Game da ciwon ajali, ga yadda abin ya faru. Uwargida ta gano cewa idan ta danna maɓalli ta riƙe ba ta saki ba, ƙarfen ba ya yin ƙwas ya yi shiru, sai ya ci gaba da wani siririn nishi, nnnn, katakon yana rawa a hankali ƙarƙashin tafinta. Ta ce daidai yake da ka ɗora hannu a ƙirjin mutum yana magana. Sai ta bar ƙwallo ta yi ta faɗawa rami, ita tana riƙe, ido a lumshe. Bakanike ya ja kunnen tsohon tun farko, ya ce an yi ƙarfen nan ne don ƙiftawar ido, ba don hira ba, wayar da ke naɗe a cikinsa za ta dahu. Tsohon ya ji. Ya haɗa wata 'yar dabara mai yanke wuta da kanta idan an daɗe ana riƙe. Uwargida ta danna, nishin ya soma, ya katse mata a hannu. Ta dubi tafinta, ta dubi mijinta, ta koma bakin taga, ranar ko tari ba ta yi ba. Washegari aka ga dabarar a kwandon shara, kuma babu wanda ya sake tayar da zancen.

Daga nan marigayi ya soma jinya a tsaye. Ɓangaren hagu ya fara nauyi, ƙwas ɗinsa ya koma ƙus. Gefensa ya riƙa ɗaukar zafi kamar mai zazzaɓi, wani wari mai kama da na roba ya zauna a labule. An canza masa ƙarfe, an huda masa ƙofar iska, an kafa masa fanka, duk kamar ana yayyafa ruwa a dutse. Ranar Talata uwargida tana riƙe da shi hannu biyu, nishin ya yi kauri, ya koma kuka. Ita ce ta fara jin warin, domin hancinta lafiya lau yake, amma ba ta saki ba. Kafin tsohon ya kai ga soket hayaƙi ya cika cikin akwatin, wuta ta bi waya ta cinye kwamfutar, gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Abu na ƙarshe da ya faɗa shi ne dum, ba tare da kowa ya yi abin kirki ba.

Ba za a sake haifar irinsa ba. Hannun tsohon yanzu rawa yake, dalmar liƙa waya ba ta zama inda ya ajiye ta, 'yarsa ma'aikaciyar jinya kuma ta zo ta kwashe kayan aikin ta kulle a but ɗin motarta, ta ce ba za ta binne iyayenta saboda kabad ba.

Ya rasu ya bar ƙararrawar ƙofa, wadda ta fita ba ko ƙwarzane, da injin waifa da ke kwance rai a hannun Allah, da maɓallai biyu da suka lotsa daidai yatsun mutum ɗaya. Ya bar tsoho. Ya bar uwargida da tabon ƙuna a tafin hagu, wadda tun daga ranar ta koma bakin taga, bakinta a rufe.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ranar Asabar da hantsi mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da amalankensa ya ɗauki kayan ciki: talabijin, kwamfuta, da ƙonannun wayoyi a naɗe cikin tsohon labulen. Za a raka su zuwa bakin layi a dawo. Tela ya nemi ya kama ɓangare ɗaya, an amince masa.

Gangar jikin kuwa ba za ta fita ba. Dalili shi ne, jiya tsohon ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin akwatin, ya kwanta rigingine da cokali a kowane hannu, ya yi ta jira har bayansa ya ƙage. Can ya ga ƙafafun uwargida sun shigo sun tsaya. Ya ji ta danna maɓallin dama, ya doki katako. Ta danna na hagu, ya doka. Babu hoto, babu ƙwallo, sai rami a inda gilashi yake a da. Suka ɗan jima a haka. Sannan ta taɓa haƙarƙarinsa da ɗan yatsan ƙafa, ta faɗa da muryar da tela ya jiyo ta bango cewa na hagun nan malalaci ne, kullum a makare yake zuwa.

Gaskiya ta faɗa, kafaɗar hagun tsohon ta daɗe da lalacewa. Saboda haka za a karɓi gaisuwa a ɗakin baya kowace yamma, kuma ana roƙon masu zuwa kada su wahalar da bakinsu wajen yi wa uwargida ta'aziyya. Duk mai lafiyar baya ya zo da cokalinsa. Akwai wurin mutum ɗaya a kan kwalin, ta ɓangaren hagu.