Hoton Kamiyon Alhaji Sanda

Shekarar da na fara tallar asiransin motoci, wato inshora, a Gaya, zamanin Faransa, na raina hotunan haɗarin da kampani ya ba ni. Motocin Turai ne a kan titin Turai, ba wanda suke tsoratarwa. Sai na sa wani mai zane ya yi mini na gida: kamiyo, babbar motar kaya, ya kife a hanyar Paraku ta kudu. Ko tambayarsa ban yi ba motar wa ya kwaikwaya.

Na tafi wurin Alhaji Sanda mai koren kamiyo, ana gobe zai yi kudu da shinkafa. Na warware takardar a gaban direbobinsa, ina ta ƙasaita.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, wannan ai lambar motata ce, har da lotsewar ƙofa. Wane ne wannan kwance a ciyawa da jar hula?"

Jar hular tana kansa.

Ya fasa tafiyar, ya yanka rago sadaka, asiransi kuwa bai saya ba.

Yau na tsufa, amma ko fensir na zaro a tasha, sai direbobi su miƙe: "Baba, don Allah bari mu dawo tukuna!"