Ramar da Ta Bugar da Ni

Laifin nawa ne, gara in faɗa tun farko. Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na jawo wa bayin Allah wulaƙanci saboda kwanon wake ba.

Da rani ne rijiyar ƙauyenmu, can wajen Adabka, ta rufta. Aka ɗauko masu haƙa su huɗu daga Filato, 'yan Rasta. Gashinsu ya murɗe kamar igiyar guga, domin a addininsu ba a aski. Ba sa cin nama, ba sa sa gishiri a abinci (wannan sai daga baya na sani, da na sani tun farko da ba haka ba). Babbansu muna ce masa Dogo, yana jin Hausa sarai. Ni kuma lebura ne, ina jawo ƙasa daga rami.

A yankinmu, mutum ya tara gashi kuma yana warin wiwi, ba a yi masa kyakkyawan zato, saboda abin da mutanen daji suka yi mana. Don haka mai gari ya kafa musu sharaɗi a gaban 'yan sa-kai: abin da suke sha tsakaninsu ne da Mahaliccinsu, amma ranar da suka ba ɗan gari ko zuƙa ɗaya, ya zare hannunsa daga kansu. Dogo ya amince.

Sun kuwa riƙe alkawari. In an tashi aiki da la'asar sai su koma gindin wata tsamiya nesa da gari, su zauna a kewaye. Dogo ya karanta littafinsu, su yi addu'a, sannan a kunna tukunyar taba ta zagaya hannu zuwa hannu. Ni daga nesa nake leƙe, ina toshe hanci ina a'uziyya (amma ban fasa leƙen ba).

Ran nan da rana yunwa ta kama ni, Inna ba ta aiko da fura ba. Dogo ya miƙo mini kwano, wake ne da kabewa da wani ganye. Ɗanɗanon wani iri, salam, da ɗan tsami, amma na cinye tas. Da na je ajiye kwanon, sai na ga ragowar ganyen a gefen murhu. Mai yatsu ne. Na ɗaga kai na dubi hoton ganyen wiwi da ke jikin hular Dogo. Shi ma yatsu.

Nan take na ji kaina ya yi nauyi, ƙasa tana ɗan lilo. Na taɓa jin an ce mai shan wiwi dariya yake yi babu dalili, sai kuwa na ji dariya tana taso mini, ga hawaye. Na ce shi ke nan, na haukace, wa zai riƙe Inna? Na jefar da guga na sheƙa cikin gari. Na iske mutane suna fitowa daga sallar azahar, na zube a ƙofar masallaci.

"Sun ba ni! Cikin wake sunka sa mani! Jama'a, na bugu!"

Kafin in gama birgima, 'yan sa-kai sun taso 'yan Rastan su huɗun a gaba, an zaunar da su a rana a ƙofar mai gari. Dogo yana ta cewa, "Ranka ya daɗe, abinci ne kawai," babu mai sauraro. Wani ya zaro wuƙa ya kama gashinsa, ya ce daga nan za a fara. Ina kallo ya yanke igiya ɗaya. Dogo bai yi ihu ba, ya dai rufe ido.

Sai ga Inna, mayafi a karkace. Ta dube ni ina dariya a ƙasa, ta ce a kawo tukunyar waken ta gani. Ta sa yatsa ta lasa, ta sake lasa.

"Wagga ai rama ta! Ni na ba su ita da sahe, ta bayan gidanmu. Gishiri ne kawai babu." Ta juyo kaina. "Kai, ɗan nema! Ramar da kake ba ruwa da hannunka?"

Wallahi a take buguwar ta sake ni. Sai mai gari ya ce, "To, malam mashayi, tashi ka kakkaɓe rigarka." Aka bushe da dariya. Dogo kaɗai bai yi ba. Ya sunkuya ya ɗauki gashinsa daga ƙasa, ya sa a aljihu, suka koma bakin aiki.

Ranar na gane tsoro ya fi kowane ganye bugarwa, kuma shi ba a ma kunna masa ashana.

Kwana uku ina ɓoye a ɗaki, ina cewa zazzaɓi. Ran na huɗu Inna ta ce ko in fita ko ta fito da ni da muciya. Na iske Dogo can ƙasan rami. Na durƙusa a bakin rijiya, sauran leburori duk suna ji.

"Dogo, yunwa ka gani gare ni ka ba ni abinci, ni kau na saka maka da sharri. Ban tambaye ka ba, na tahi na tara maka gari. Gashin da anka yanke maka ba ni iya maida shi. Ni ne na yi laihi, ba kai ba. Don Allah ka yahe mani."